Martani Ga Mai Cewa Direba Ba Shi da Buƙatar Lauya

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwanmu marubuci ya yi kwanan baya a kan direbobin Duwala da tarar gudun wuce ƙa'ida, na kuma ga yadda maganar ta zagaya majalisun New Bell, daga ƙofar babban masallaci har rumfunan Kasuwar Kongo. Malam ya tsaya a kan abubuwa huɗu. Ya ce ɗaukar lauya saboda tarar gudu almubazzaranci ne, domin kuɗin lauya ya ninka kuɗin tarar. Ya ce ɗabi'a ce da aka aro daga Amurka, wadda ta dace da masu manyan motoci na Bonapriso da Bonamoussadi, amma babu ruwan ɗan tasi ko direban tirela da ita. Ya ce aikin lauya wanke mai laifi ne, don haka Musulmin kirki bai kamata ya je ƙofarsa ba. Sannan ya rufe da shawarar da ta sa na ɗauki alƙalami: wai idan an tsayar da direba, ya kwantar da murya, ya ba da haƙuri, ya miƙa abin da ya sawwaƙa, ya kama gabansa, tunda shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba.

Malam ba mutumin banza ba ne, kuma na san tausayin direbobi ne ya sa shi magana. Amma shawarar da ya bayar ita ce ainihin cutar da ke damunmu, kuma wajibi ne a faɗa masa haka a fili, tunda shi ma a fili ya faɗi tasa.

Bari in fara da inda muka haɗu. Gudu yana kashe mutane, kuma ban rubuta wannan don in sama wa mai tuƙin ganganci mafita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ne ke rasa ransu a kan hanya kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asarar rayuka. Ita dai hukumar ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci yana ƙara yiwuwar haɗarin da ake rasa rai a cikinsa da kashi 4 cikin 100. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya; kafin ƙafar direba ta tashi daga totur ta kai birki, ta riga ta wuce tsawon ƙananan motoci uku. In ya ninka gudun sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ya ninka sau huɗu. Mu da muke bin hanyar Duwala zuwa Yawunde ta Edeya da Puma da Bumnyebel ba sai an kawo mana alƙaluma ba. Da wuya ka sami layi a unguwar Hausawa ta New Bell da ba a taɓa shimfiɗa tabarmar ta'aziyya a cikinsa saboda wannan hanya ba. Wanda ya yi gudu ya cancanci hukunci. A kan wannan ni da Malam bakinmu ɗaya.

Inda muka rabu shi ne, Malam ya ɗauka abin da ake yi a bakin titi hukunci ne. To, mu dubi abin da ake yi ɗin. Duk wanda ya taɓa zama a gaban mota ya san yadda take kasancewa. An busa usur, direba ya gangara gefe. Jami'i ya karɓi takardu, parmi, wato lasisin tuƙi, da kartigiris, wato takardar rajistar mota, da takardar inshora da ta duba lafiyar mota, ya haɗa su a hannu, ya juya ya nufi inuwa ba tare da ya ce uffan ba. Direba ya sauko ya bi shi, hannaye a baya, dattijo mai furfura yana ce wa sa'an ɗansa, "Shef, a yi haƙuri." Sai a ce masa ya yi gudu, tararsa jaka ashirin da biyar. Bai tambayi nawa na'urar ta nuna ba. Bai ce a nuna masa hoton motarsa da lambarta ba. Bai tambayi inda allon iyakar gudun yake ba. Abin da ke ransa kawai albasar da ya ɗauko daga Marwa, wadda ake jira a Kasuwar Sandaga, ga rana tana yi. Sai a shiga ciniki: daga ashirin da biyar a sauko goma, daga goma a sauko biyar, a daidaita a jaka biyu ko uku. Ya naɗe kuɗin a cikin takarda ya miƙa, a miƙo masa takardunsa. Babu rasit, babu abin da aka rubuta, babu sisin da ya shiga baitulmali.

Ina son Malam ya lura da abu guda a nan. A duk wannan zaman, ba wanda ya damu da ko direban ya yi gudu ko bai yi ba. Wanda ya yi gudu ya biya jaka uku ya wuce. Wanda bai yi ba, shi ma ya biya jaka uku ya wuce. Ke nan babu ribar da mai bin ƙa'ida ya samu a kan mai karya ta. To, me zai sa direba ya rage gudu? Direban bas da maigidansa ke matsa masa ya ƙara sawu ɗaya kafin dare ya riga ya sa kuɗin hanya a lissafinsa tun daga tasha, kamar kuɗin mai da na shingen biyan kuɗin hanya. Ya san ko an tsayar da shi, da ɗan abin da ke aljihun gaba za a rabu lafiya. Sai ya taka. Wannan sasantawar da Malam yake kira hikima ita ce ke sakin mai laifi ya koma kan titi da irin gudun da ya zo da shi, ita ce kuma ke tatsar wanda bai ji ba bai gani ba. Daga ƙarshe kuɗin ya dawo kan farashin albasa da na naman da ake kawowa daga Adamawa, mai cefane ya biya.

Abin takaici, doka ba ta bar direba haka ba kariya ba, mu ne ba mu san abin da ke cikinta ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Kundin hukunta laifuka na Kamaru, wanda aka sabunta ranar 12 ga Yuli 2016, ya kasa ƙananan laifuka aji huɗu. Mafi girmansu, aji na huɗu, tararsa tana tsakanin sefa 4,000 zuwa 25,000, kuma alƙali na iya haɗawa da ɗaurin kwana 5 zuwa 10. Sefa 25,000 ɗin da aka saba ambata wa wanda na'ura ta kama daga nan ta fito. Sai kuma kundin tsarin shari'ar laifuka na 27 ga Yuli 2005, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2007. Shi ne ya tsara tarar da ake biya nan take, daga sashe na 606 zuwa gaba. Ya ce jami'in da aka ba izini ne kaɗai zai karɓe ta, kuma sai ya ba da rasit daga littafin hukuma mai kwafi. Ya ce biyanta ba tilas ba ne: wanda bai yarda ya yi laifi ba yana da damar ƙin biya, a rubuta takardar tuhuma a aika wa mai gabatar da ƙara, magana ta tafi gaban alƙali. A Duwala kotunan matakin farko da ke sauraron irin wannan suna Bonanjo da Ndokoti da Bonassama. Wannan hanya ce da doka ta buɗe wa kowa, mai Prado da mai bensikin, wato babur ɗin haya, kuma babu inda aka rubuta cewa sai mazaunin Bonamoussadi zai bi ta.

Ba zan ɓoye wa mai karatu cewa hanyar tana da wahala ba. Zuwa kotu yana cin lokaci, ana ɗage zama, kuma wanda ya je alhali ya san ya yi gudu yana iya dawowa da tara da kuɗin shari'a, har ma da 'yan kwanaki a gidan yarin da ke tsakiyar unguwarmu. Saboda haka ban ce kowa ya ruga kotu ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In ka san ka yi gudu, ka biya tararka cif, ka karɓi rasit, ka tuba, ka rage gudu. Wanda nake magana a kansa shi ne direban da ya tabbata bai yi ba, ko wanda aka ƙi nuna masa hujja, ko wanda aka riƙe masa takardu ana jiran ya gaji ya miƙa.

Yanzu mu zo ga maganar kuɗi, inda Malam ya fi ƙarfin hujja. Gaskiya ne, da wuya lauya ya tsaya wa mutum a kotu a kan kuɗin da bai kai 25,000 ba. Gaskiya ne kuma 25,000 ba ƙaramin kuɗi ba ne a ƙasar da tun watan Maris na 2023 mafi ƙarancin albashin ma'aikacin kamfani ya tsaya a sefa 60,000 a wata. Idan direba ɗaya zai fuskanci tara ɗaya shi kaɗai, lissafin Malam daidai ne. Kuskurensa shi ne ya lissafa tsayawa ɗaya ya manta da sauran. Direban da ke bin hanyar Duwala zuwa Njamena, mai tsawon kusan kilomita 1,800, ko ta Duwala zuwa Bangi ta Garwa-Bulai, ya zauna ya tara abin da yake miƙawa a shekara ba tare da rasit ba, sannan ya faɗa mana wanne ya fi tsada. Ban da haka, wa ya ce sai kowa ya ɗauki lauyansa shi kaɗai? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna da ƙungiyoyin direbobi, muna da adashi a kowace tasha, muna haɗa kuɗin biki da na suna da na kai gawa gida. Idan direbobi 200 suka riƙa ajiye sefa 500 kowane wata, an sami 100,000 ke nan, abin da zai isa a yi yarjejeniya da lauya guda wanda lambarsa za ta kasance a wayar kowane ɗan ƙungiya. Ga wanda kuma ba shi da hali sam, akwai dokar 14 ga Afrilu 2009 wadda ta tsara taimakon shari'a ga marasa ƙarfi, da kwamitocinta a kotuna. Ba ta aiki yadda ya kamata a ko'ina, amma ƙofa ce da ke nan, kuma da yawanmu ba mu taɓa ƙwanƙwasa ta ba.

Me lauyan zai yi? Zai yi tambayoyin da direba ke jin tsoron yi. Wace na'ura ce ta auna gudun, kuma yaushe rabon da a duba ingancinta? Ina hoton da ke ɗauke da lambar motar da rana da lokaci? A wane wuri aka auna, kuma mene ne iyakar gudu a wurin, akwai allon da ke nuna ta ko ciyawa ta rufe shi? Jami'in da ya rubuta takardar yana da izinin yin haka? Na'urar auna gudu tamkar mudun 'yan hatsi take: idan an san akwai mai zuwa ya duba, mai awo zai cika shi daidai, idan kuwa an san ba mai dubawa, sai abin da ya ga dama. Waɗannan tambayoyi ba su cutar da jami'in da ke aikinsa tsakani da Allah, kuma akwai irinsu da yawa, masu tsayuwa cikin rana da ruwan saman Duwala don mu isa gida lafiya. Shi zai fito da hotonsa, alƙali ya tabbatar da tarar, kowa ya san an yi adalci. Wanda tambayoyin ke tayar wa hankali shi ne wanda ya mayar da usur jari.

Sai batun cewa abin na Amurka ne. A nan akwai inda na ba Malam gaskiya. A can akwai lauyoyin da sana'arsu ke nan, su je su daidaita da mai gabatar da ƙara a mayar da laifin gudu wani ƙaramin laifi, don kada a rubuta wa direba maki a lasisinsa, kada kuma kamfanin inshora ya ƙara masa kuɗi. Wannan ciniki ne da aka sa wa rigar doka, kuma ni ma ba na fatan ya zo mana. Amma me ya sa Malam bai dubi Faransa ba, wadda tsarin shari'armu a wannan ɓangare na ƙasa ya samo asali daga nata? A 1992 ta kawo lasisi mai maki 12, wanda ke raguwa idan direba ya karya dokar hanya. A 2003 ta fara kafa na'urorin da ke ɗaukar hoto da kansu su aika wa mai mota takarda har gida. Kuma kowace takarda tana zuwa da bayanin yadda mutum zai ƙalubalance ta cikin kwana 45. Masu mutuwa a hanyoyinta sun ragu daga kusan 8,000 a 2001 zuwa ƙasa da 4,000 a 2010. Damar ƙalubalantar tara ba ta hana wannan nasara ba. Hukuncin da ba a sayensa da haƙƙin kare kai tare suka yi aiki. Ko a maƙwabciyarmu Najeriya, ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ce a rubuta wa direba takarda ya je ya biya ta banki, don kada kuɗi ya bi ta hannun jami'i.

Kuma tsayawa a nemi haƙƙi ta hanyar doka ba baƙon abu ba ne a garin nan. Ita kanta New Bell daga rikicin haƙƙi ta samo asali, lokacin da Jamusawa suka ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin kogin Wuri suka tura su baya. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya rubuta ƙorafi har majalisar dokokin Jamus, ya kafa hujja da yarjejeniyar 1884, bai janye ba har aka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Kakanninmu Hausawa sun zauna a wannan unguwa fiye da shekara ɗari. A nan aka haife mu, a nan muke biyan haraji, katin ɗan ƙasa ne a aljihunmu. Amma har yau da yawanmu idan sun ga kaki sai su koma baƙi, su ji kamar alfarma ake yi musu da aka bar su suna tuƙi. Wannan tsoron ne ya sa ake ganin motar da ta fito daga arewa a matsayin kasuwa, kuma shawarar Malam ƙara masa taki take yi.

Maganar addini kuwa, ina roƙon Malam ya sake duba ta, domin ya juya ta ne. Wakilci a gaban alƙali abu ne sananne a fiƙihu. Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wadda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da ita, tana da babi a kan wakilci, kuma malamai sun kawo cewa Sayyidina Ali ya kan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu ya tsaya masa a shari'a. A shari'armu wanda ya yi da'awa shi ake nema ya kawo hujja, don haka direban da ya ce a nuna masa hoto bai yi rashin kunya ba. Abin da malamai suka hana shi ne mutum ya tsaya wa wanda ya san a kan ƙarya yake, kuma wannan ya shafi lauya da wanda ya ɗauke shi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta duniya, a zamanta na Brunei a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, saboda kare rayuka. Ke nan gudun ganganci zunubi ne. Amma abin da Malam ya kira sasantawa fa? Hadisi ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai ba da cin hanci da mai karɓa. Na san malamai sun yi rangwame ga wanda aka tilasta, wanda ba shi da wata hanyar karɓar haƙƙinsa. Sai dai wanda ya yi gudu ya ba da jaka uku don ya tsere wa tara ba tilasta shi aka yi ba. Dokar ƙasa ma ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa a laifi. Yaya za a tsoratar da Musulmi daga ofishin lauya, wanda halal ne, a tura shi ga abin da aka la'anta?

Cewa lauya mai wanke mai laifi ne kawai, ita ma ba haka take ba. Ranar 21 ga Oktoba 2016 jirgin ƙasa da ya taso daga Yawunde zuwa Duwala ya kife a Eseka, hukuma ta ce mutum 79 sun rasu. Binciken gwamnati ya nuna jirgin na gudun kilomita 96 a inda ƙa'ida ta ce 40. Lauyoyi ne suka tsaya wa iyalan mamata da waɗanda suka jikkata, har kotun Eseka ta yanke hukunci a 2018. Marayu da zawarawan wannan rana ba su da wanda zai yi magana da yawunsu a gaban alƙali in ba lauya ba.

A nan ne shawarar Malam ta fi ba ni tsoro, domin wanda ya saba da cewa lauya ba nasa ba ne a ƙaramin abu, haka zai ɗauka ranar babban abu. Na taɓa raka dattawan unguwa wani ofishi inda aka tsare wani yaro direba, ɗan Ngaundere, bayan motarsa ta haɗu da mai babur, mai babur ɗin ya karye. Yaron ba ya jin Faransanci sai na gaisuwa. An riga an rubuta bayaninsa an ba shi ya dangwala hannu, shi kuwa a zatonsa takardar karɓar kayan aljihunsa ce. Kawunsa na tsaye a ƙofa da ƙullin goro da ambulan, yana neman wanda zai gani. Da aka samo lauya ya karanta takardar, sai ga shi an rubuta cewa yaron ya amsa yana gudu fiye da kima, abin da ya rantse bai faɗa ba. Lauyan bai ɗaga murya ba. Ya nemi a kawo tafinta a sake ɗaukar bayani, ya nemi zanen wurin da haɗarin ya faru, ya sa aka sanar da kamfanin inshora a kan lokaci, ya kuma ce wa kawun ya mayar da ambulan ɗinsa aljihu, ya kai kuɗin asibiti wurin wanda ya ji rauni. Mai babur ya sami magani, yaron kuma aka yi masa shari'a a kan abin da ya faru, ba a kan abin da aka rubuta masa ba.

Ya kamata kowane direba ya san cewa da zarar an ji rauni ko an yi ɓarna, maganar tarar nan take ta ƙare, doka ba ta yarda da ita ba. In rauni aka ji, an shiga sashe na 289 na kundin hukunta laifuka, wanda ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 5 ga wanda sakacinsa ya jawo mutuwa ko rauni, kuma sashe na 290 ya ninka hukuncin idan direban yana cikin maye, ko ba shi da parmi, ko ya gudu. Tsarewar bincike awa 48 ce, wadda ake iya sabuntawa bisa ƙa'ida, kuma wanda aka tsare yana da haƙƙin ganin lauya. A irin wannan rana haƙuri da goro ba su isa ba.

Saboda haka ga abin da nake ba 'yan'uwana direbobi shawara, a madadin ta Malam. Ka gyara takardunka kafin ka tayar da mota, domin wanda inshorarsa ta ƙare ba shi da bakin tambaya. Ka bi allon hanya, ka tuna sauri kan haifi nawa. Idan an tsayar da kai, ka yi magana cikin ladabi, ka tambayi nawa na'urar ta nuna, ka nemi a nuna maka. In ka yi laifi, ka biya ka karɓi rasit. In ba ka yi ba, ka ce a rubuta, ka kira lauyan ƙungiya. Kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka da harshen da kake ji ba. In an nemi kuɗi ba rasit, akwai lambar kyauta ta hukumar yaƙi da cin hanci ta ƙasa, CONAC, wato 1517, akwai 1501 ta jandarma, akwai 1500 ta 'yan sanda. Su kansu hukumomin ne suka buɗe waɗannan layuka don a kai musu ƙarar ɓata-garin cikinsu.

Ina kira ga shugabannin tashoshi da na ƙungiyoyin direbobi, da sarakunan unguwanninmu, da limamanmu na New Bell da Bonaberi da Bonamoussadi, su zauna a kan wannan magana. A buɗe asusun lauya a kowace ƙungiya. A gayyato 'ya'yanmu da suka karanta shari'a a Jami'ar Duwala da ta Ngaundere su riƙa yi wa direbobi bayanin dokar hanya da Hausa da Fulatanci. A kuma sa sharaɗi tun farko cewa asusun ba zai tsaya wa wanda aka tabbatar da gudunsa ba, shi ya biya daga aljihunsa. Malam kuma, da yake Allah ya ba shi alƙalami da masu sauraro, ina roƙonsa ya janye shawarar miƙa abin da ya sawwaƙa, ya sa hannu a wannan aiki. Allah ya tsare mana direbobinmu da fasinjojinsu, ya kai kowa gida lafiya.